Taurarin Na'urar Ɗakin Inna

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Aikin ɗaura na'urar sanyaya ɗaki ya karɓe ni. Kwanon rufi kan ƙona hannu da tsakar rana, amma kada ka faɗa wa Inna, fata ce, za ta saba.

Na ji za ka saya mata na'urar, wai sai wadda ta fi kowace girma a shagon. Haba Yaya! Ka auna ɗakin tukuna, ka gaya wa mai shago, ya ba ka daidai da shi. Sannan ka duba takardar da ke manne a gabanta, mai taurari. Wadda ta fi yawan taurari ita ta fi ƙarancin shan wuta, sanyin kuwa bai ragu ba. Mu a gidanmu ba ma ɓare takardar sabon kaya. Ta firij shekara shida tana nan don baƙi su gani, ba wanda ya taɓa karanta ta. Wannan karon ka karanta.

Ka san halin Inna. Ranar da ta ji ana kukan kuɗin wuta, za ta kashe na'urar, ta ɗauki maficinta, ta ce ita ba ta jin zafi.

Kullum ɗakunan mutanen da ban sani ba nake sanyayawa. Ranar da za ka rubuto mini cewa Inna ta yi barcin rana har sai da aka tashe ta sallar la'asar, ranar rufin nan zai daina ƙona ni.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Auta