Babana Ya Daina Zuwa Rumfar Inabi

Anti Vernell,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. A garin nan ba wanda zan faɗa wa maganar ba ta riga ni isa coci ranar Lahadi ba.

Babana ya haura tamanin, ciwon zuciya ya cinye shi, har sai da na ƙara huji a bel ɗinsa. Tun bazara abinci ya fita ransa. Wake da burodin masara da yake so kamar me, yanzu sai ya juya cokali ya ture. Amma da Satumba ta kama, inabinmu, irin mai kaurin ɓawo da ake kira maskadin, ya nuna, sai ga shi da sanda ya lallaɓa ƙarƙashin rumfar da ya kafa tun kafin a haife ni. Yana sha yadda kowa ke sha a nan: ya kai leɓe ya matsa, tsokar ta zame baki, ya furzar da ƙwallayen, ya yar da ɓawon. Ranar na laɓe a ɗakin girki na yi kukan murna.

Sai wata mata a layin ganin likita ta ce mini ai yawancin amfanin inabin nan a ɓawo da ƙwallo yake, mu abin kirkin muke zubarwa. Tun daga nan na kasa sukuni. Duk ɓawon da ya faɗi ƙasa, ji nake kamar kwanansa ne ke zuba. Na tsaya a kansa na ce ya tauna. Mutum mai haƙoran roba! Ya ce, “Ke 'yar nan, tun ina yawo ba takalmi aladu muke bar wa ɓawo. Da tsufana za ki kai ni garke?” Ban yi dariya ba. Na tsinko kwano guda na markaɗe a inji, ɓawo da ƙwallo da komai, na tsare shi da kofi. Ya kurɓa sau ɗaya, ya dube ni, ya ajiye. Tun ranar bai sake zuwa rumfar ba. Yana zaune a baranda, inabin na zuba, zanzaro na biki.

Yayana Purvis ya bugo waya daga garin Macon wai in ƙyale tsoho ya sarara. Na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba shi ke ganin haƙarƙarin Baba in ana canza riga ba. Mun rabu dutse a hannun riga. Anti, ni ba muguwa ba ce. Tsoro nake ji. Gani nake in na daina matsa masa, kamar na sallama shi ke nan. Ya zan yi?

Ɗiyar da ta rasa abin yi,
Kudancin Jihar Jojiya

*

'Yata,

Ke ba muguwa ba ce, kin gaji ne, ga tsoro, kuma ke kaɗai ke ɗauke da kayan.

Matar nan ba ƙarya ta yi ba. Ɓawon maskadin na da amfani, yana taimakon ciki, kuma mai haƙori da ƙoshin lafiya in ya tauna ya ƙaru. Amma abinci ne, ba maganin zuciya ba. Babu ɓawon da zai yi abin da likitocinsa ba su yi ba. Tsokar da kika raina kuwa akwai ruwa da zaƙi a cikinta, kuma ita ce kaɗai abin da ya tashe shi daga kujera ya taka da ƙafarsa. Garin neman gira kin kusa rasa ido.

Purvis ya yi gaskiya, sai dai gaskiyar waya ba ta da nauyi. Ki kira shi, ba don ku sake faɗa ba, ki ce ya zo ya karɓe ki ƙarshen mako. Ramar Baba kuma ki kai wa likitansa, ki tambaya ko akwai abin tsoro game da zaƙin ko shaƙewa da ƙwallo. In sun ce ba komai, magana ta ƙare. Injin markaɗen ki mayar da shi inda kika ɗauko.

Kada ki tsaya dogon ban haƙuri, irin su Babanki ba sa son a yi musu kuka a gaba. Gobe da hantsi ki tsinko waɗanda suka fi nuna, ki zauna kusa da shi a baranda, ki matsa ɗaya a bakinki, ki wurga ɓawon tsakar gida yana gani. Kada ki miƙa masa. Ki ajiye kwanon inda hannunsa zai kai.

Kin ce daina matsa masa sallamawa ce. A'a. Ba ke ke riƙe da kwanansa ba, 'yata, ba ki taɓa riƙewa ba. Inabin nan bai wuce 'yan makonni ya ƙare. Rumfar za ta sake yin 'ya'ya baɗi, amma ni da ke ba mu san ko zai sha na baɗin ba. Ki bar shi ya sha na bana yadda yake so.

Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Taki,
Anti Vernell