Gurbin Shekarun da Baba Ya Bari

Zuwa ga mai neman gurbin digiri na biyu a binciken shari'a,

Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar sashe, ni ke haɗa ƙididdigar ɗalibai: maza nawa, mata nawa, shekarunsu nawa. Fom ɗinka ya cika tsaf, sai gurbin shekaru da ka bari fayau. Kwamiti zai zauna Alhamis, kuma ba ya duba fom mai giɓi. Mantuwa ce? Yadda rubutunka yake a tsare, ban ga alamar kana mantuwa ba.

Huta lafiya,
Sakatariya

*

'Yata Sakatariya,

Wa alaikumus salam, ya aiki? Ba mantuwa ba ce. Akwatinku na ƙarshe a gurbin shekaru ya tsaya a hamsin da biyar, ni kuwa sittin da bakwai gare ni. A ƙasan fom an ce in sa hannu cewa duk abin da na cike gaskiya ne. Shekara talatin ina tafinta a kotu, na ga yadda ake ƙarewa da masu sa hannu a kan ƙarya. Da furfurata ba zan fara ba.

Naki,
Tsohon tafinta

*

Baba,

Barka da yini. Na yi dariya, sannan na ji kunya, don ni na tsara fom ɗin. Da na ga yawancin ɗalibanmu lauyoyi ne 'yan talatin da wani abu, sai na ɗauka duniyar ke nan. Zan kai maganar gaban shugaban sashe. Amma don Allah, me kake nema a aji bayan ritaya?

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Mai shaida yakan yi magana minti biyar, in fassara, alƙali ya rubuta layi biyu. Ina sauran ke tafiya, kuma mutum nawa aka ɗaure saboda su? Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shi ya sa na yi digirin farko bayan ritaya, amma bai ba ni amsa ba.

Allah ya yi albarka,
Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. An ɗauke ka, ka zo Litinin da takwas.

Jiya na buɗe kabad ɗin fom ɗin da aka watsar tun da na kama aiki. Mutum tara sun bar gurbin nan fayau. Na kira lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Shida sun ɗauka da kansu. Uku 'ya'yansu ne suka ɗauka, na yi musu gaisuwar rasuwa.

'Yarka