Hankicin Baba a Ɗakin Sigina

Asabar, bayan Isha'i

Yau Baba ya yi doguwar magana, karon farko tun rasuwar Hajiya. Wata uku ke nan yana wurina a garin Mitchellville, nan ƙasar waje, daga "lafiya lau" sai "Allah ya yi albarka".

Na kai shi tsohon ɗakin siginar nan na bakin layin dogo, wanda aka mayar gidan tarihi bayan kwamfuta ta karɓe aikin canja wa jirage layi. Raina a ɓace na fita, don sai da na yi ta magiya ya sa takalmi.

Muna hawa bene ya ga libobi, wato sandunan ƙarfe na canja wa jirgi layi, a jere, irin waɗanda ya yi shekaru yana ja a reluwen Zariya. Dattijon da ke kula da wurin ya ce a taɓa. Baba ya zaro hankici ya naɗe hannu tukuna.

"Ba a kama liba da hannu tsirara, Uwata, gumi ke sa ta tsatsa. In na ja wannan, waccan ta kulle, jirage biyu ba za su haɗu ba."

Sai da za a rufe muka sauko. A mota ya tambaye ni ko suna buɗewa gobe. Wai libobin suna son mai.