Manjan da Ya Zo Fari Ya Kusa Kashe Mana Tanda

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke kawo wa gidajen burodin Talata Mafara bota,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, da iyali da dukan ma'aikata. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Allah shi ƙara lafiya da rufin asiri.

Ranka shi daɗe, sunana Lawali, mutumin Damri ne ni ta ƙasar Bakura. Ina aiki a gidan burodin Alhaji Sahabi a nan Mafara. Bayan asuba in kwaɓa fulawa, in burodi ya fito in ɗaure kwalaye a babur in kai wa masu shayi a Bakura da Damri, wani lokaci har Maradun. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi mini afuwa in magana ta zo a karkace. Na ba direbanku saƙo, na sake ba shi, shiru, shi ya sa na fito fili. Gidan burodinmu na gab da rufewa, kuma daga bokitin botarku abin ya faro.

Na farko, ban zo kushe botarku ba. Wadda kuke kawowa a da mai tauri ce, ko rana ta doke ta ba ta cika narkewa ba, in ka ci burodinta sai ka ji wani abu ya manne maka a ganɗa. Bayan ƙaramar sallar bara sai ga sabuwa. Ta fi laushi, tana shiga kwaɓi ba gardama. Na tambayi direbanku yana sauke kaya cikin gaggawa, ya ce da manja aka yi ta, an daina waccan don tana cutarwa. Iyakar bayanin da muka samu ke nan. Sai da ɓarna ta gama aukuwa wata malamar asibiti da ke sayen burodi wurinmu ta warware mini. Ta ce tsohuwar man ruwa ne ake daskarar da shi da ƙarfin tsiya a masana'anta, kuma daskararwar ce ke haifar da wani irin kitse mai toshe hanyoyin jinin zuciya. Shi ko manja da kaurinsa Allah ya halicce shi, ba ya buƙatar a yi masa haka. Ta ce ba magani ba ne, in an cika cinsa shi ma da nasa lahanin, amma bai kai waccan ba ko kusa. Ashe alheri kuka yi mana. Ai da kun faɗa.

Na biyu, da alama ba ku san yadda muka san manja a nan ba. Ba mu da bishiyarsa, daga kurmi ake kawo mana shi a jarka. Wanda muka sani ja ne jawur, ya taɓa riga ya zauna, ka zuba a wake da shinkafa a ji ƙamshinsa daga zaure. Ba wanda ya taɓa gaya mana ana tace shi har jan da ƙamshin su fita. Ni da murnata na je teburin Ɗanjuma mai shayi a tashar Damri na ce burodinmu yanzu da manja ake yin sa. Ya yanka guda, ya duba cikinsa, ya sunsuna, ya miƙa wa mutanen da ke kan benci. Ya ce, "Kai Lawali, ina jan ya tahi? Tun da uwarka ta haihe ka, ka taɓa ganin manja hwari?" Aka yi dariya. Wani dattijo da ke gefe bai yi dariya ba. Ya ce shi kitse ɗaya ya ji ana cewa fari ne fat ana sa shi a kayan masana'anta, ya ture kofinsa ya tashi. Kafin in kai burodi Maradun ranar kasuwa, maganar ta riga ni isa: wai gidan Alhaji Sahabi da kitsen alade suke burodi.

Alhaji, mutumin da ke sahun gaba a masallaci, ya ɗauki bokitinku a kai ya je wurin wani malamin makaranta. Malamin ya karanta ya ce ƙwarai, manja aka rubuta. Amma rubutun duk Turanci ne, ƙanana kamar tururuwa, hoton da ke jiki kuma na burodi ne, ba na kwakwar manja ba. Mutane suka ce wanda ya iya zuba abu a bokiti ai ya iya rubuta abin da ya ga dama a bayansa.

Na uku, mun nemi wanke kanmu, muka ƙara dulmiya. Alhaji ya sayo jan manja a kasuwar Talata, ya sa aka fito da kwaɓi bakin ƙofa, na zuba shi kowa na kallo. Yallaɓai, burodin ya fito kamar an tsoma shi a miya. Leda ta yi ja, in aka tsoma a shayi sai maiƙo ya taso sama, yara suka sa masa suna burodin miya. Masu zargi kuwa suka ce to madalla, ga manjan gaskiya kowa ya gani, wancan farin mene ne?

Na huɗu shi ne ya fi ci mini rai. Yanzu mun koma wata bota mai tauri irin ta da, wadda ake aunawa a gwangwani a kasuwa, ba suna, ba a san wanda ya yi ta ba. Ita mutane suka yarda da ita don sun saba da ita. Kullum da hannuna nake murza ta cikin fulawa, maganar malamar asibitin nan na kaina. Akwai tsofaffi masu hawan jini da burodinmu ne karin kumallonsu, in na miƙa musu sai in kau da ido. Duk da haka ciniki bai dawo ba, don zargi in ya kama gida ba ya saki da wuri. A da sau uku muke cika tanda a yini, yanzu ɗaya ma sai an yi kwantai. An sallami Baba Garba mai tanda, wanda ya koya mini gane wuta da bayan hannu. Alhaji ya ce in babbar sallah ta wuce a haka, zai sayar da injin ya kulle ƙofa.

Ga roƙona. Ku turo mutum mai jin Hausa ranar kasuwar Mafara, ya zo da jan manja da wanda aka tace rabi da farin, ya jera su a tebur mutane su taɓa su sunsuna. Ya fara biyawa ta wurin limamai, su gani da idonsu, don kalmarsu ɗaya ta fi rantsuwata ɗari. Ku rubuta abin da ke cikin bokiti da Hausa, boko da ajami, da manyan baƙaƙe, ku sa hoton kwakwar manja. Ku kuma faɗa a rediyo me ya sa kuka bar tsohuwar, domin har yanzu ana ganin ita ce ta kirki.

In an kulle gidan nan, ni ba gonar da za ta riƙe ni. Abokaina biyu da aka sallama sun tafi ramukan haƙar zinari can bayan Maradun, suna ta kirana. Mahaifiyata ta ce in na shiga rami ba da yawunta ba. Na ce mata ta ƙara haƙuri, na rubuta wa masu botar, mutanen kirki ne, za su zo. Don Allah kada ku sa in zama maƙaryaci a wurinta.

Allah shi ja zamaninka, shi albarkaci kasuwancinku, shi sa ku gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Lawali Damri,
mai kwaɓi a gidan burodin Alhaji Sahabi, Talata Mafara.