Cokalin da Ke Tsaye a Shinkafata

Tsibirin Sakalin, 9 ga Oktoba, 1966

Ƙanwata Malsun,

Ki durƙusa ki gaida mini Inna. Yaya gwiwoyinta? Yaya maigidanki da yaran da ban san sunayensu ba?

Wasiƙarki ta iso bayan wata bakwai. Sai da na karanta sau huɗu na gane: shekara ashirin ke nan, duk ranar da aka kwashe mu daga Koriya zuwa haƙar kwal a nan ta zagayo, kuna zuba mini shinkafar matattu, cokali tsaye a tsakiyarta, don kun ɗauka na mutu.

Da na gaya wa tsoho Pyo, abokin ɗakina, ya yi dariya ya ce, "Kai fatalwa, gida biyu kake ci, amma ka rame haka?"

Lafiyata lau, tarin da nake yi na sanyi ne kawai. Sau goma sha ɗaya na nemi takardar komawa Koriya, duk na rubuta ranakun a littafina. Wataƙila ni ne ban iya roƙo ba.

Ki aiko mini hoton Inna. Ki ce ta zare cokalin, ta kwantar da shi gefe kamar na masu rai. Amma ku adana kwanon. Idan wasiƙata ta daina zuwa, kun riga kun san ranar da za ku sake tsayar da cokalin.

Kakanni su tsare ku.

Yayanki,
Sangpil