Kun Yaye Labulen da ke Tsakanina da Surukina

Zuwa ga masu kula da wasan nan na waya da ake gina birni ana yaƙi da dodanni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ni dattijo ne mai sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët. Na tashi a gaban kakata ina jin labarin Dodo, to da girma ya zo, ciniki ya yi sanyi, sai na tarar da Dodon a cikin wayata. Ban gaya wa kowa ba. Na sa wa kaina suna Ɓauna, na shiga rundunar wasu masu jin Hausa, kowa da sunan aro. Ga kukana.

Na ɗaya. Duk gyare-gyarenku na baya na haƙura da su. Kun rage wa maharba ƙarfi, na yi shiru. Kun sa giwayen yaƙi suna gudun wuta, na ce dama haka giwa take. Amma sabuntawar da kuka turo bayan Babbar Sallah, wadda yara a nan ke kira mizajur, ba ta tsaya kan giwaye ba. Ta kutsa cikin lambobin wayata, ta manna wa duk wanda na sani sunansa na gaskiya da hotonsa, wai don abokai su gane juna. Wa ya roƙe ku?

Na biyu. Shugaban rundunarmu, Garkuwa, mutum ne mai zafi. Ran da na bar ƙofar gabas a buɗe na tafi sallar la'asar, ya rubuta a gaban kowa cewa yaron da bai iya tsaron ƙofa ba ya koma goyon ƙannensa. Ni ma ban bar shi ba. Na ce ina tausayin matar da ke zaune da shi, ina kuma tausayin uban da ya rasa wanda zai ba 'yarsa sai shi. Washegarin gyaranku na buɗe waya, sai ga hoton Garkuwa. Ilu ne, direban taksi a unguwar Akébé, mijin 'yata ta fari. Mutumin da ke cire takalmi tun daga bakin shago ya durƙusa ya gaishe ni, wanda bai taɓa yarda ya sha ko ruwa a gabana ba.

Na uku. Wataƙila a ƙasarku mutum da surukinsa suna zagin wasa su tashi lafiya. Mu kunya ce ke riƙe da mu. Da can duk Juma'a yakan kawo mini jikokina. Yanzu a bakin layi yake sauke su ya ja mota. A masallaci sai sahun baya, ana sallama ya fice. 'Yata ta tsare ni tana tambayar laifin da mijinta ya yi mini, na kama gyaran atamfar da ba ta karkace ba. Ta ina zan fara? A wasan ma ya daina ba da umarni. Kome aka tambaye shi sai ya rubuta, yadda Baba ya ce. Ni da ban san gaba ko baya ba a harkar yaƙi, ga dodanni sun cinye mana rabin ganuwa.

Roƙona shi ne ku cire sunaye da hotunan nan, kuma nan gaba ku riƙa tambaya kafin ku kwance wa mutum zane a kasuwa. Ku kuma buɗe hanyar da zan sake suna in koma wata runduna mai nisa, kada ku gaya wa kowa inda na nufa. Ban damu da birnin ba, ku ba wanda kuke so. A wajenmu maganin irin wannan shi ne kowa ya yi kamar bai gani ba, har a wayi gari Ilu ya iya shigowa ya ce sannu Baba, in ce yawwa. Amma muddin fuskata na tsaye kusa da tasa a kan allo, babu mai iya fara wannan ƙaryar mai albarka.

Allah ya ƙara muku basira, ya rufa muku asiri fiye da yadda kuka rufa mana.

Wassalam.

Alhaji Ɗanjuma Mai Atamfa,
Mont-Bouët.