Ranar da Sammani Ya Tafi da Baƙin Sa

Litinin, 10 ga Mayu, 1999

Yau na kaɗe Malam Garba tela a Ƙofar Guga, bayan La'asar. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙauri. Mutane suka taru, na ce masu rana ce ta haske mani ido. Rana kuwa tana bayana.

Baƙin Sa, babur ɗina, bai yi komai ba sai madubin hagu da ya fashe. Kunyar rubuta wannan nake ji: babur ɗin na fara dubawa kafin in duba Garba, mutumin da muka yi makarantar allo tare.

Laraba, 12 ga Mayu

Na je gaishe shi. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Da ɗakin ya rage mu biyu sai ya ce, "Lado, tun daga nesa nike ɗaga maka hannu. Ba ka gan ni ba, ko?"

Na ce na gan shi.

"To," ya ce. Ya juya fuska bango.

Juma'a, 14 ga Mayu

Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cina. Na hagu ya kusa tafiya, na dama daga gefe yake rufewa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambaye ni ko ina tuƙi, na ce a'a. Makullin yana aljihuna.

Shekara biyu ke nan da na lura. Ko matata Hauwa'u ban gaya wa ba.

Litinin, 17 ga Mayu

Ban buɗe gareji ba. Na wuni a zaure ina goge Baƙin Sa. Shekara goma sha biyu yana hannuna. A buhu uku na zo da shi daga Legas, ƙarafa kawai, kowa na cewa na sayo bola. Ni na lanƙwasa hannuwan suka yi tsawo kamar ƙaho, ni na haɗa salansa biyun nan da in na taso daga Gobarau sai an ji a Ƙofar Marusa. Sirdin jar fata ne, wata guda baduku ya yi a kai. Zanen ruwan gwal na jikin tanki yau sai da yatsa na bi shi.

Hauwa'u ta kawo abinci ta tsaya. "Malam, jiya kofi na miƙa maka, ka kama iska."

Na ci gaba da goge tankin.

Lahadi, 23 ga Mayu

Ƙafar Garba ta kumbura, ta yi baƙi, tana wari. An kai shi asibiti.

Asabar, 29 ga Mayu

Soja sun miƙa mulki. A barandar asibiti kowa ya kewaye rediyo, har ma'aikata. Ana cikin rantsuwa aka fito da Garba, an yanke ƙafar daga gwiwa. Wani a bayana yana ta cewa alhamdu lillahi, an huta da kaki.

Matarsa Indo ta ce mani, "Ƙaddara ce, Malam Lado, ka daina kuka. Wa ke iya wa rana?"

Sai na gaya mata. Duka. Ta dube ni ta daɗe, ta ja mayafinta ta koma ciki. Da ta zage ni da ya fi.

Talata, 1 ga Yuni

Na aika wa Sammani na Jibiya. Shekara biyar yana bina in sayar mashi da Baƙin Sa ina korarsa.

Lahadi, 6 ga Yuni

Ya zo da hantsi. Mun daɗe muna gaisawa, kowa na kauce wa maganar. Na gaya mashi ba ya son a murɗa mai da sanyin safiya, sai ya ɗumama, kuma giya ta biyu sai an lallaɓa. Yana ta "to, to," amma hankalinsa na kan salansa. Ya ce zai cire sirdin ya sa mai faɗi, saboda iyali.

Bugu uku ya yi bai tashi ba. Na karɓa, bugu ɗaya. Na sauka na riƙe mashi har ya hau.

Ban bi shi waje ba. Man da ya ɗiga a zaure Hauwa'u ta zo za ta zuba wa toka, na ce ta bari.

Alhamis, 10 ga Yuni

Ba komai. Na sa magani. Rubutuna sai ƙara girma yake.

Juma'a, 25 ga Yuni

An sallami Garba. Na ɗauki sifanu na tafi a ƙasa, na mayar mashi da keken ɗinkinsa na ƙafa ya koma na hannu. Da lalube na yi yawancin aikin. Indo ba ta yi mani magana ba, amma an ajiye ruwa kusa da ni. Garba ya gwada a kan ƙyalle, ya ce ɗinkin ya karkace, in dawo gobe.

A hanyar gida na daɗe tsaye bakin titi, ina jin motoci ta hagu ba na ganinsu. Wani da ban sani ba ya ce, "Baba, zo mu tsallaka," ya kama mani hannu.

Ban fizge ba. Titin ne ya cika yau, shi ya sa.